Sanyin Jos Da Ɗakin Gumi Na Lantarki: Hitar Kabon Ko Ta Tangaran?

Daga wakilinmu a Jos

Duk wanda ya taɓa kwana a Jos cikin watan Disamba ko Janairu ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan abin da ake kira sanyi. Tun da la'asar sakaliya iska take fara kaɗowa daga kan duwatsu, kafin a idar da sallar isha'i tituna sun fara yin tsit, in ban da teburan masu shayi da tukubar masu tsire, inda za ka tarar da mutane sun kewaye wuta, kowa ya miƙa tafin hannunsa. Da asuba kuwa, alwala da ruwan randa sai namijin gaske. A Kasuwar Katako masu gwanjon rigunan sanyi da barguna su ne ke cin kasuwarsu a waɗannan watanni.

Dalilin wannan sanyi ba ɓoyayye ba ne. Birnin yana bisa tudu ne mai tsawon kimanin mita 1,200 daga teku, tsaunukan Shere da ke gabashinsa kuma sun haura mita 1,700. Masana yanayi sun ce duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafin iska kan ragu da kusan digiri shida da rabi. Saboda haka idan hunturu ya kankama, akwai daren da ma'aunin zafi kan sauka ƙasa da digiri 10. Wannan ni'ima ce ta jawo Turawan kuza da na mishan suka mai da Jos da Miyango wurin hutawarsu, har suka yi ta gina gidaje masu murhun jin ɗumi a cikin falo.

To, yanzu ga wani baƙon kaya da ake tallarsa a intanet, ana kuma ganinsa a manyan otal-otal da gidajen motsa jiki na Abuja da Legas, watau ɗakin gumi na lantarki wanda ake kira sauna. Masu talla suna cewa za su kai wa mutum har ƙofar gidansa, ko a Rayfield yake ko a Bukuru. Mai saye kuma da zarar ya taya, tambayar farko da za a yi masa ita ce: mai hitar kabon kake so, ko mai hitar tangaran? Tun da kuɗin da ake kashewa ba kaɗan ba ne, kuma lafiyar jiki ce ake jinginarwa, ya kamata masu karatu su san bambancin kafin su sa hannu a aljihu.

Asalin Abin

Sauna kalmar mutanen Finlan ce, wata ƙasa mai tsananin sanyi a arewacin Turai. Mutanenta ba su wuce miliyan biyar da rabi da 'yan kai ba, amma an ƙiyasta suna da ɗakunan gumi fiye da miliyan uku, har cikin 2020 hukumar UNESCO ta sa wannan al'ada tasu cikin jerin al'adun duniya da suka cancanci a adana. Irin tasu ta gargajiya ɗaki ne na katako da ake gasa duwatsu a ciki, a riƙa yayyafa musu ruwa, iskar ɗakin ta yi zafin digiri 80 zuwa 100.

Wanda muke magana a kansa daban yake. Shi ba ya dogara ga zafafa iska, jikin mutum yake gasawa kai tsaye da wani haske wanda ido ba ya gani, ana kiransa infared. Kowa ya san wannan haske ko da bai san sunansa ba, domin shi ne hucin da kan bugi fuskarka idan ka tsaya gaban maƙera, alhali bayanka yana jin sanyi. Wani masanin taurari mai suna William Herschel, haifaffen Jamus mazaunin Ingila, shi ya gano shi cikin 1800. Ya rarraba hasken rana zuwa launuka kamar na bakan gizo, ya riƙa ɗora ma'aunin zafi a kan kowane launi, sai ya tarar zafin ya fi yawa a gaba da ja, inda ido ba ya ganin kome. Cikin 1891 wani likitan Amurka, John Harvey Kellogg, ya ƙera akwati mai ƙwayayen lantarki wanda mutum kan shiga ya yi gumi, aka kuma nuna shi a bajekolin Cikago cikin 1893. Daga irin wannan akwati aka yi ta gyare-gyare har aka zo ga na yau, wanda zafin iskarsa ba ya wuce digiri 45 zuwa 60, amma mutum kan yi sharkaf da gumi.

Mu Ma Mun San Gashi

Neman lafiya ta hanyar zafi ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Muna da surace, inda mai mura ko zazzaɓi kan lulluɓa da bargo bisa tukunyar tafasasshen ganye. Masu ziyartar Yankari a Jihar Bauci sun san ruwan ɗumi na Wikki, wanda zafinsa ke tsaye a wajen digiri 31 rani da damina. Uwa-uba kuma ga wankan jego, inda mai haihuwa kan yi kwana arba'in ko fiye tana wanka da ruwan zafi safe da yamma, a wasu wurare har ta kwanta bisa gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa, tana shan kunun kanwa.

Wannan al'ada ta taɓa jawo hankalin likitoci. Cikin 1978 wasu likitoci biyu na asibitin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, Davidson da Parry, suka buga sakamakon bincikensu a kan mata 224 da suka kamu da ciwon gazawar zuciya bayan haihuwa, suka kuma yi zargin cewa yawan gishirin kanwa da tsananin zafi suna ɗora wa zuciya nauyin da ya fi ƙarfinta. Daga baya binciken da Farfesa Kamilu Karaye ya jagoranta daga Kano ya nuna cewa akwai wasu dalilan, kamar rashin abinci mai gina jiki da ƙarancin sinadarin seleniyam a jini, bai kuma sami tabbacin cewa al'adun jego ne tushen cutar ba. Duk da haka likitoci ba su yi saɓani a kan abu guda ba: idan jiki ya yi zafi, jijiyoyin fata kan buɗe, zuciya ta ƙara saurin bugawa kamar ta mai tafiya da hanzari. Mai lafiya zai ɗauka, mai raunin zuciya kuwa yana iya jigata. Wannan darasi ya shafi ɗakin gumi na zamani kamar yadda ya shafi gadon ƙasa.

Hitar Tangaran

Ita ce tsohuwar a cikin biyun. Yadda ake yinta shi ne a naɗe siririyar waya irin ta cikin dutsen guga ko rishon lantarki, a binne ta cikin sanda ko faranti na gasasshen yumɓu. Idan wuta ta bi wayar sai yumɓun ya ɗauki zafi ya riƙa fitar da huci. Mutumin Filato ba ya bukatar a koya masa halin gasasshen yumɓu. Gumakan Nok da masu haƙar kuza suka fara tonowa cikin 1928 sun shekara fiye da dubu biyu a ƙasa ba su narke ba, kuma wanda ya shiga gidan tarihi na Jos, wanda Bernard Fagg ya kafa aka buɗe cikin 1952, zai ga tukwane iri-iri daga sassan Nijeriya. Yumɓu yana jure wuta, yana riƙe zafi, amma ba ya jure faɗuwa.

Hitar tangaran ƙarama ce, saboda haka dole ta yi zafi ƙwarai kafin ta ɗumama ɗaki. Fuskarta kan kai digiri 200, wata ma ta zarce. Misalinta shi ne kaskon wuta: wanda ke dab da shi yana ƙuna, wanda ke gefe yana rawar ɗari. A cikin ɗakin gumi, wurin da ke daidai da hitar a bayanka zai yi zafi har ka riƙa gyara zama, kafaɗa da gwiwa kuwa ba su samu sosai ba. Tilas ne a yi mata shinge na katako ko raga, domin taɓa ta ƙuna ce nan take.

Amfaninta kuwa guda uku ne. Na farko, hucinta mai ƙarfi ne, wanda ke son ya ji zafi ya ratsa shi a daren hunturu zai fi gamsuwa da ita. Na biyu, idan aka ɗauke wuta ba ta hucewa nan da nan, kamar yadda tukunyar ƙasa kan riƙe zafin miya bayan an sauke ta. Na uku, idan sanda ɗaya ta mutu ana iya cire ta a sa wata, sauran suna nan suna aiki. Aibinta babba shi ne fashewa. Kayan da aka sauke a tashar jiragen ruwa ta Legas sai sun yi tafiyar kimanin kilomita dubu a mota kafin su iso Jos, kuma ƙaramin tsagu da ido bai gani ba yana iya buɗewa bayan an yi ta zafafawa ana hucewa.

Hitar Kabon

Kabon shi ne sinadarin da gawayi ya ƙunsa, amma kada sunan ya ruɗi mai karatu. Babu abin da ake ƙonawa a cikin wannan hita, ba ta hayaƙi, ba ta toka. Zare ne ko fenti na kabon ake shimfiɗawa tsakanin allunan sirara guda biyu, wutar lantarki ta bi ta cikinsa, allon duka ya yi ɗumi. Allunan masu faɗi ne, sukan rufe bangon baya da na gefe da ƙasan benci. Tun da faɗinta ya yi yawa, ba ta bukatar zafi mai tsanani, yawanci fuskarta ba ta kai digiri 100 ba.

Misalinta shi ne bangon ɗakin ƙasa ko falalen dutse da ya wuni yana shan rana. Wanda ya jingina da irin duwatsun Jos da magariba ya san wannan ɗumi mai laushi da kan game baya gaba ɗaya. A ilmin kimiyya akwai ƙa'idar da ta ce hucin da abu ke fitarwa yana ƙaruwa da sauri ƙwarai idan zafinsa ya ƙaru. Tafin hannu guda na abin da ya kai digiri 200 yana fitar da hucin da ya ninka na mai digiri 80 fiye da sau uku. Abin da kabon ta rasa wajen ƙarfi sai ta rama shi wajen faɗi.

Saboda haka mai zama a ɗakin kabon yakan daɗe bai ƙosa ba, haɗarin ƙuna kuma ya ragu, abin da ke da muhimmanci a gidan da ke da tsofaffi. Ba ta fashewa a hanya kamar tangaran. Sai dai ita ma da nata. Da zarar an ɗauke wuta ta huce, domin ba ta da kaurin da zai riƙe zafi. Idan ɗakin yana wurin da iska ke shiga, a daren da sanyi ya tsananta, mutum zai daɗe yana jira kafin gumi ya karyo. In kuma allon ya lalace, ba abin da mai gyaran lantarki na unguwa zai iya naɗewa ko ya ɗinke ba ne, sai a sayo sabo sukutum, watakila daga ƙasar waje. Akwai kamfanonin da ke haɗa iri biyun a ɗaki guda, kabon a bango, tangaran a kusurwa, amma kuɗinsu ya fi yawa.

Maganar Wuta Da Aljihu

Masu talla sukan ce hitar kabon ta fi tsimin wuta. A nan sai a yi hattara. Kowace hita, ko ta mece ce, kusan duk wutar da ta sha zafi take mayar da ita. Hita mai wat 1,800 ta kabon da mai wat 1,800 ta tangaran kuɗin wuta ɗaya za su ci a awa guda. Abin da ke kawo bambanci shi ne kaurin katako, da yadda ƙofa ke rufuwa, da tsawon lokacin da aka bar ta a kunne. Ɗakin mutum ɗaya ko biyu yakan ci wat 1,500 zuwa 2,000. Cikin watan Afrilu na 2024 hukumar NERC mai kula da harkar lantarki ta ƙara wa 'yan rukunin farko, watau waɗanda aka yi wa alkawarin wutar awa 20 a rana, kuɗin yunit zuwa Naira 225, kafin daga baya a ɗan rage. A wancan farashi, awa guda a ɗaki mai wat 1,800 ta tashi Naira 405. Wanda zai shiga kullum sai ya lissafa na wata.

Jos tana da tsohon tarihi da lantarki, domin tun wajen 1929 kamfanin NESCO yake samar da wuta daga ruwan Kurra saboda ma'adinan kuza, tun yawancin biranen ƙasar nan suna kunna aci-bal-bal. Amma yau kowa ya san yadda wuta kan zo da rauni a unguwanni da yawa. Ƙa'idar wutar Nijeriya bolt 230 ce. Idan ta sauka zuwa 180, hita ba za ta ba da fiye da kashi 61 cikin ɗari na zafinta ba. A irin wannan hali mai kabon ya fi shan wahala, tun da dama zafinta mai sauƙi ne. Ƙaramin janareta irin na kunna fanka da talabijin kuwa ba zai ɗauki ko ɗaya daga cikinsu ba.

Har ila yau akwai wani tarko ga masu sayen kayan gwanjo. Abin da aka ƙera domin Amurka ko Kanada yawanci na bolt 120 ne. Idan aka jona shi kai tsaye a wutarmu zai ja ƙarfin da ya ninka nasa fiye da sau uku da rabi, ƙarshenta ya ƙone, in ba a yi sa'a ba ya tafi da gidan. A duba rubutun da ke jikin kayan, a kira ƙwararren mai gyaran lantarki ya ja masa layinsa daban, da wayar ƙasa, da makashin da ke yanke wuta da kansa. Katakon ma a bincika. Ya zama busasshe, marar fenti da banish, domin falankin da aka manne da gam yakan fitar da wari mai cutarwa idan ya ji zafi, ɗanyen katako kuma hunturun Jos zai tsattsaga shi tun shekarar farko.

Abin Da Ke Gaskiya Da Abin Da Ke Talla

Ana cewa hucin yana ratsa jiki har ya kai ga tsoka da ƙashi. Irin hasken da waɗannan hitoci biyu ke fitarwa fatar sama ce take shanye shi, bai kai zurfin milimita guda ba, jini ne ke ɗaukar zafin ya zaga da shi. Ana cewa gumi yana fitar da dafi daga jiki. Gumi kusan dukkansa ruwa ne da ɗan gishiri, aikin tace jini kuwa na hanta ne da ƙoda. Ana cewa yana rage ƙiba. Nauyin da mutum ya rasa a ciki ruwa ne, da ya sha moɗa biyu ya dawo.

Wannan ba ya nufin abin ba shi da amfani. Cikin 2015 masu bincike a Finlan suka buga sakamakon bin diddigin maza 2,315 na kimanin shekara ashirin, suka ga waɗanda ke shiga sauna sau huɗu zuwa bakwai a mako sun fi masu shiga sau ɗaya tsira daga mutuwar fuju'a ta ciwon zuciya. Amma sauna ta gargajiya mai duwatsu aka bincika, kuma binciken bai tabbatar da cewa ita kaɗai ce dalili ba. A Japan, Farfesa Chuwa Tei na Jami'ar Kagoshima ya yi amfani da ɗakin infared mai digiri 60 wajen jinyar masu ciwon zuciya, minti 15 a ciki, minti 30 a kwance cikin bargo, likita yana tsaye a kansu. Masu ciwon gaɓoɓi da 'yan wasa da yawa kuma sukan ji sauƙin jiki bayan sun fito.

Akwai waɗanda bai kamata su shiga ba sai da izinin likita: mace mai ciki, da mai jego, da mai ciwon zuciya ko ƙoda, da mai shan maganin hawan jini, da mai ciwon sukari wanda ƙafafunsa suka daina jin zafi, domin zai ƙone bai sani ba. Mai amosanin jini, watau sikila, ya nisance shi, saboda ƙarancin ruwa a jiki yana tayar da ciwon. Haka kuma yara ƙanana, da wanda ya sha abin maye, da mai azumi da rana. Mai lafiya ma ya fara da minti goma, ya sha ruwa kafin ya shiga da bayan ya fito, in ya ji jiri ya fita nan take, kada kuma ya faɗa cikin iskar hunturu da jiƙaƙƙen jiki.

To, Wacce Za A Saya?

Ga magidancin da ke son abin da shi da iyalinsa da tsofaffinsa za su riƙa shiga cikin natsuwa, kuma wutar unguwarsu tana da ƙarfi, ta kabon ta fi dacewa. Ga mai gidan motsa jiki ko otal, wanda baƙinsa ke son zafi mai ƙarfi, kuma yana son abin da za a iya canja masa sanda ba tare da an rufe ɗakin ba, ta tangaran mai shinge mai kyau za ta yi masa aiki. Kowacce aka zaɓa, a tambayi mai sayarwa inda za a sami kayan gyara, a kuma karɓi takardar garanti a rubuce. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Amma mu faɗi gaskiya, yawancin mutanen Gangare da Unguwar Rogo da Tudun Wada ba sauna ce damuwarsu ba, yadda za su kwana cikin ɗumi ne. Abin da ke hannunsu shi ne kasko da kurfoti da gawayi, kuma a nan ne haɗari mafi girma yake. Gawayin da ke ci a rufaffen ɗaki yana fitar da wata iskar guba mai suna kabon monoksaid, ba ta da launi, ba ta da wari, tana kama jini fiye da iskar numfashi sau ɗari biyu da wani abu. Alamarta ciwon kai da jiri da kasala, mai barci kuwa ba ya jin kome sai dai a wayi gari a ɓalle ƙofa. Hayaƙin janareta ma haka yake. Wanda ya ɗumama ɗaki da gawayi ya fitar da kaskon waje kafin ya kwanta, ya bar kafar da iska za ta shiga, ya ƙara bargo, ya sa wa yara hula da safa. Idan aka sami wani ya galabaita, a fito da shi sarari, a garzaya da shi asibiti.

Muna kira ga hukumomin lafiya na Jihar Filato, da malamai a masallatai da majami'u, da masu unguwanni, su riƙa tunatar da jama'a wannan tun daga watan Nuwamba, kafin jaura ta sauko. Allah ya ba mu lafiya, ya sa mu ga bayan hunturun bana lami lafiya, amin.